Haɗa kwamfutar gem: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen kaya da akwatin wuta

Mai son haɗa kwamfutar gem da hannunsa yakan kwana yana lissafin katin hoto da furosesa (abin da ke sarrafa dukkan ayyukan kwamfutar), sai ya zo biyan kuɗi ya tuna akwai wani akwatin ƙarfe da ke raba wa dukkan kayan wuta. 'Yan kasuwa suna ce masa fawa fak, a takardun kaya kuma PSU ake rubutawa, mu a nan za mu kira shi akwatin wuta. Shi ya ci kaso mafi tsoka a amsoshin da ke ƙasa, domin a nan aka fi yin kuskuren da ke cinye sauran kayan.

Kuɗina ba su da yawa. Wane kaya zan fi zuba wa kuɗi?

Katin hoto. Shi ke zana duk abin da kake gani a sikirin, kuma a yawancin gem shi ne ke fara gajiya kafin furosesa. Idan ka raba kasafinka gida uku, ka ba katin hoto aƙalla kashi ɗaya, ko ma ya ɗan haura. Sauran su tafi ga furosesa, bod (allon da ake jona dukkan kayan a kai), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki), SSD (inda ake adana gem da fayiloli), akwatin wuta da kesin da za a zuba su ciki.

Amma kafin komai ka amsa wa kanka tambaya biyu: wane gem za ka buga, kuma a kan wane sikirin? Wanda eFootball, Valorant ko GTA V kawai ke gabansa, a sikirin 1080p (lambar da ke nuna yawan ɗigon hoton sikirin), ba shi da buƙatar kayan wanda ke son Cyberpunk 2077 a 1440p da komai a ƙure. Na farko zai ji daɗi da kati mai matsakaicin ƙarfi har shekaru. Na biyu kuwa sai ya buɗe bakin aljihu.

Inda za ka iya tsuke hannu ba tare da nadama ba: fitilun ado, kesin mai gilashi ta ko'ina, bod mai tsadar gaske, da sanyaya ta ruwa a kan furosesar da ba ta zafi. Akwatin wuta ba ya cikin wannan jerin.

AMD ko Intel?

Duk suna aiki, abin da ke rikita sabon shiga shi ne kowace furosesa da mazauninta. Ryzen 5 5600 ta AMD tana zama a soket AM4 (soket shi ne mazaunin furosesa a kan bod), da bod irin B550 ko A520, da RAM na DDR4. Ryzen 5 7600 da Ryzen 7 7800X3D na AM5 ne, wanda ya fito a 2022, suna hawa bod irin B650, kuma DDR5 kaɗai suke karɓa. Core i5-12400F ta Intel soket LGA1700 take so, da H610 ko B760. A nan sai ka lura, domin bod ɗin LGA1700 akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma ramin ɗaya ba ya karɓar ɗayan.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, 5600 ko 12400F duk sun wadatar, kowacce ƙwaƙwalwa shida gare ta. AM5 ya fi tsada a farko, sai dai yana barin ƙofar sauya furosesa nan gaba ba tare da sayen sabon bod ba.

Abu biyu kada su wuce ka. Harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel yana nufin ba ta fitar da hoto da kanta, haka ma Ryzen 5 5600. In babu katin hoto, sikirin baƙi za ka gani. Sannan a 2024 Intel ta amsa cewa manyan furosesocinta na ƙarni na 13 da na 14 suna da matsalar neman wuta fiye da kima, abin da ke lalata su a hankali, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS (manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta) ta kuma ƙara musu garanti na shekara biyu. In za ka sayi i7 ko i9 na waɗannan ƙarnuka a hannu, ka yi tunani sau biyu, domin gyaran ba ya dawo da wadda ta riga ta ji ciwo.

Wane katin hoto ya dace, kuma me ya sa ake ta maganar 8GB da 12GB?

Wannan lambar ma'ajiyar katin ce, inda yake ajiye zane-zanen gem yayin da kake wasa. A 1080p, 8GB yana ɗaukar yawancin gem, shi ya sa RX 6600 da RTX 4060 suka samu karɓuwa. Sababbin manyan gem kuwa sun fara cika 8GB idan aka ɗaga ingancin hoto, sai ka ga wasan yana tsinkewa ko bango ya koma dishi-dishi. RTX 3060 mai 12GB, Arc B580 na Intel mai 12GB, da RX 7800 XT mai 16GB sun fi sararin numfashi ta wannan fuskar. Sai dai yawan ma'ajiya kaɗai ba ya sa kati ya yi ƙarfi. Kati mai rauni da aka cika wa gigabait jaki ne da aka ɗaura wa sirdin doki.

Ka auna tsawon katin da faɗin kesinka kafin ka biya. Manyan katunan yanzu wasu sun haura santimita 30.

RAM da SSD fa?

RAM 16GB, kuma ka saye shi guda biyu na 8GB maimakon ɗaya na 16GB, domin biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa su ninka hanyar bayanai. In da hali, 32GB. Bayan ka haɗa, ka shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM da ake kira XMP, ko EXPO a kan AM5, in ba haka ba RAM ɗin zai yi ta tafiya ƙasa da gudun da ka biya kuɗinsa. SSD kuma ka ɗauki nau'in NVMe, wato mai saurin nan, mai 1TB. Gem guda a yau yana iya cin 100GB, saboda haka 256GB ba ya kai ka ko'ina.

To, akwatin wuta mai wat nawa zan saya?

Lissafi ne, ba a yin sa da ka. Ka nemo abin da katin hoto ke sha, ka haɗa da abin da furosesa ke sha idan ta ƙure, ka ƙara wat 50 zuwa 70 na bod, RAM, SSD da fankoki.

Ɗauki haɗin Ryzen 5 5600 da RX 6600. Furosesar ba ta kai wat 90, katin 132, sauran kaya a ce 60. Duka bai wuce 280 ba. Akwati mai kyau na 550W ya ishe shi har da rara. Haɗin Ryzen 5 7600 da RTX 4070 kuma: furosesa kusan 88, kati 200, sauran 60, ka ga 350 kenan, kuma NVIDIA, kamfanin katunan RTX, da kanta 650W ta ba da shawara. RX 9070 XT yana shan 304, ana so a ba shi 750W. RTX 4090 mai shan 450 an ce 850W, RTX 5090 mai shan 575 kuwa 1000W.

Za ka lura lambar da ake ba da shawara kusan ninki biyu ce ta abin da aka lissafa. Akwai dalili. Katin hoto ba ya shan wuta a daidai kamar ƙwan fitila. A cikin ƙiftawar ido yana iya zabura ya ja kusan ninki biyu na abin da aka rubuta masa, sannan ya sauko. Katunan RTX 3080 da 3090 sun yi suna a kan wannan lokacin da suka fito a 2020: mutum na tsakiyar wasa sai kwamfuta ta mutu ɗif kamar an ɗauke wuta, alhali akwatin ne ya ga zaburar ya ɗauka gobara ce ya kashe kansa. Wannan ne ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta tilasta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan mitsitsin lokaci. In kana sayen sabo don babban kati, ka nemi wanda aka rubuta wa ATX 3.0 ko 3.1.

Dalili na biyu shi ne zafi da tsufa. Akwatin da ke aiki a rabin ƙarfinsa ya fi sanyi, ya fi shiru, ya fi daɗewa, kuma a nan ne ya fi tattalin wuta.

Na ga wani an rubuta masa 800W, kuɗinsa bai kai rabin na 550W ɗin da kuke faɗa ba. Me zai hana in ɗauka?

Juya shi ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Ka nemi layin da aka rubuta +12V, domin daga nan katin hoto da furosesa ke sha. Ka ninka lambar A (amfiya) da ke ƙarƙashinsa sau 12, sai ka samu wat ɗinsa. Akwati na gaskiya mai 650W za ka ga wajen 54A, wato 648W, kusan duk ƙarfinsa. Na bogi mai iƙirarin 800W kana iya tarar da 20A, wat 240 kenan, an cike gibin da layukan 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika damuwa da su ba, ko kuma lambar ce kawai aka buga don ido. Ɗaga shi ma ka ji: in ya yi sakayau kamar gwangwanin madara, babu abin kirki a cikinsa.

Abin da kake biya wa kuɗi a akwati mai kyau ba wat ne kaɗai ba. Akwai matakan kariya da ake rubutawa a kwali: OVP da UVP na wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa, OCP da OPP na ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa, SCP na haɗuwar waya, OTP na zafi. Mai waɗannan in abu ya ɓaci sai ya kashe kansa. Marar su in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja bod ko katin hoto su yi masa rakiya. Araha ba ta ado, a nan kuwa har ɓarna take yi.

Tsawon garanti ma ma'auni ne. Corsair na ba jerin RMx shekara 10, Seasonic na ba jerin Prime shekara 12. Ko da mayar da kaya daga nan zuwa ƙasar waje zai yi maka wuya, kamfanin da ya yarda ya ɗauki alkawarin shekara goma ya san abin da ya zuba a ciki.

Bronze, Gold, Platinum: wannan ba shi ne shaidar inganci ba?

A'a. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, abu ɗaya yake aunawa: kaso nawa na wutar da akwati ya ja daga bango ya isa ga kayan, kaso nawa ya zama zafi. A rabin aiki, Bronze na ba da kashi 85 cikin 100, Gold 90, Platinum 92, a ma'aunin wutar 115V. Bai ce komai ba a kan ingancin kayan ciki ko kariya. A 2021 wasu akwatunan Gigabyte masu tambarin Gold, P750GM da P850GM, sun yi ta fashewa a hannun masu gwaji har kamfanin ya buɗe hanyar musanya su. Don haka ka bincika ainihin samfurin da za ka saya, sunan kamfani da launin tambari ba su isa ba.

Ta fuskar kuɗin wuta bambancin kaɗan ne. Kwamfutar da ke buƙatar wat 300 za ta ja 353 daga bango da Bronze, 333 da Gold. Wat 20 kenan. In kana wasa awa huɗu kullum, a wata bai wuce yunit biyu da rabi ba, wanda ko a farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan Band A a Afrilun 2024 bai kai naira 600 ba. Wanda Gold ke yi wa rana da gaske shi ne mai zaune a kan batir da sola, da mai ɗakin da ya riga ya zama tanda.

In na sayi 850W, kullum wat 850 zai riƙa sha?

A'a, iyakarsa ce kawai. Abin da kayan suka nema shi yake ja. Kana karatu ko kallo, duk kwamfutar ba lallai ta kai wat 100 ba.

Na ji ana cewa kebul ɗin sababbin katunan NVIDIA yana narkewa. Gaskiya ne?

Ya faru. Tsohon kan kebul mai haƙora 8 wat 150 yake ɗauka, mai 6 kuma 75, ramin bod ɗin ma yana ba da 75. Da katuna suka ƙara ci, aka fito da 12VHPWR mai haƙora 16 wanda ke ɗaukar har 600W ta ƙaramin kai guda. A ƙarshen 2022 masu RTX 4090 suka fara nuna hotunan kawunan da suka narke, NVIDIA ta ce yawanci ba a tura kebul ɗin ya shige gaba ɗaya ba ne. Daga baya aka gyara fasalin aka kira shi 12V-2x6, ta yadda kati ba zai ja cikakkiyar wuta ba in kan bai zauna daidai ba. Duk da haka an sake samun rahotannin narkewa a kan RTX 5090.

In katinka na da irin wannan rami, ka tura har ka ji ƙas, ka duba babu tazara ko ta siririn gashi, kada ka lanƙwasa wayar dab da kan, kuma kada murfin kesi ya danne ta. Mai tsohon salo kuma, in katinsa na da ramuka biyu masu haƙora 8, gara ya jawo kebul biyu daban-daban daga akwati maimakon guda mai reshe biyu.

Akwatina ya mutu, na sayi wani. Zan iya barin tsofaffin kebul ɗin a jiki in sauya akwatin kawai?

Kada ka kuskura. Ɓangaren da ke shiga bod da kati iri ɗaya ne a ko'ina, amma ɓangaren da ke shiga akwatin kowane kamfani da tsarinsa, wani lokaci ma samfura biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Kan zai shiga lafiya lau, sai 12V ta bi inda 5V ya kamata ta bi, SSD da duk abin da ke kansa su tafi nan take. Kowane akwati da kebul ɗin da ya zo da shi.

Kuma kada ka kwance akwatin wuta da sunan gyara ko share ƙura. Akwai manyan kafasito a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Wutarmu ba ta da tabbas. Me zan sa tsakanin kwamfuta da bango?

Nan ne shawarar da ake bayarwa a Turai da Amurka ba ta isar mu. Wutar Najeriya a takarda 230V ce, amma wanda ke zaune a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙarfinta ya san yadda fanka ke juyawa kamar mai jin barci da magariba. Akwatuna masu kyau na yanzu suna karɓar daga 100V zuwa 240V, saboda haka suna jure raunin wuta fiye da yadda ake zato. Ka duba takardar, domin wasu masu araha daga 200V suke farawa. In ka ga tsohon akwati mai ɗan jan makunni a baya da aka rubuta 115 da 230, musamman wanda ya zo daga Amurka, ka tabbata yana kan 230 kafin ka jona, in ba haka ba ƙara da hayaƙi za su biyo baya.

Abin da ya fi ɓarna shi ne ɗaukewar wuta farat ɗaya da kuma dawowarta da ƙarfi. UPS, wato akwati mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, shi ne maganin na farko: aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka adana wasa ka kashe kwamfuta cikin mutunci, ba wai ka ci gaba da buga gem a kansa ba. Wajen saye ka lura VA ba wat ba ne. UPS na gama-gari mai 1000VA yawanci wat 600 yake ɗauka, mai 650VA kuwa bai kai 400 ba, ga sikirin ma yana kansa. Ka nemi wanda aka rubuta wa pure sine wave, domin akwatunan zamani wasu ba sa shiri da wutar da ƙananan UPS ke fitarwa mai tsalle-tsalle, suna iya kashe kansu daidai lokacin da aka koma batir. Haka dokar take ga inbata.

Mai inbata ya yi lissafin batir tun da wuri. Batir ɗaya mai 12V da 200Ah yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda a takarda, kuma in na ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa. Kwamfuta da sikirin masu jan 380W za su cinye wannan rabin cikin awa uku ko ƙasa da haka. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya zaɓi RTX 4060 mai shan 115W a kan tsohon kati mai irin ƙarfinsa da ke shan kusan ninki biyu.

Ƙaramin injin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ka raba shi da kwamfutarka. Wutarsa hawa da sauka take duk lokacin da aka kunna wani abu a gidan. Babban inji kuma a bar shi ya daidaita kafin a jona, a kashe kwamfuta kafin a kashe shi. Sitabilaiza na taimakawa inda wuta ke yawan rauni, in dai ƙarfinta ya haura abin da aka ɗora mata. Sannan ka sa mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin ɗakin na da wayar ƙasa. In kana taɓa kesi kana jin yana ɗan cizonka, babu ita kenan, kuma abin kare kaya daga zaburar wuta ba ya cikakken aiki sai da ita.

Sabunta BIOS kuwa, kada ka fara sai kana kan UPS ko inbata. Wuta ta ɗauke a tsakiya, bod ɗin na iya ƙin tashi.

Zafi da ƙura fa?

A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin Afrilu yana haura digiri 40, kuma fanka ba ta iya sanyaya kaya ƙasa da iskar ɗakin. Akwatunan wuta ma akwai zafin da aka auna ƙarfinsu a kai: masu araha 30, masu kyau 40 ko 50. Wanda aka auna a 30 ba zai ba ka cikakken abin da aka rubuta ba a ɗaki marar na'urar sanyaya, wani dalilin kenan na barin rara.

Ka zaɓi kesi mai raga a gaba maimakon gilashi rufe ruf, fanka biyu ko uku na shigo da iska, ɗaya na fitarwa a baya. Ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, kada ta zauna a kan kafet, domin yawancin akwatunan wuta ta ƙasa suke shaƙar iska. Lokacin hunturu ka wanke ragar tace ƙura duk mako biyu, ka hure cikin kesi da bulowa bayan ka zare wuta, kana riƙe fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima.

Kayan hannu fa, wanne zan saya, wanne zan guje wa?

Furosesa, RAM da kesi ba su cika ba da matsala ba. Katin hoto sai da gwaji. Bayan da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa, wato samar da shi da katunan hoto, a Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya, wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankokinsu da ma'ajiyarsu sun gaji. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti a ido. Ko a Farm Centre ta Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka sa a jona shi a gabanka, ka buɗe manhajar GPU-Z ka ga ainihin sunansa, ka saki manhajar gwaji ta FurMark ko gem mai nauyi na minti 20 kana kallon zafinsa da ko hoto zai fara ɗigo-ɗigo. Mai kayan da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Akwatin wuta shi ne ba na son saye a hannu. Ba ka san shekarunsa ba, ba ka san wutar da ya sha ba, kuma kunnawa ya tashi a shago ba ya nuna abin da zai yi in an ɗora masa kati.

Ina da tsohuwar kwamfutar ofis, Dell ko HP. Zan iya sa mata kati in mayar da ita ta gem?

Za ka iya, da iyaka. Da yawansu akwatin wutarsu ƙarami ne, tsakanin 180W da 300W, ba shi da kebul na katin hoto, kuma kan da ke shiga bod na kamfanin ne, ba mai haƙora 24 da aka saba ba, don haka sauya shi ba ya da sauƙi. Mafita ita ce katin da ramin bod kaɗai ke ciyar da shi, irin GTX 1650 marar ramin kebul ko RTX 3050 mai 6GB, kuma gajere in kesin siriri ne. Ka duba ƙarnin furosesar ma: Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel take farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa mata a 14 ga Oktoban 2025.

Na haɗa komai, na danna, ba ta tashi ba. Na ƙona wani abu ne?

Da wuya. Fara da makunnin da ke bayan akwatin wuta, ya kasance a kan I. Duba kebul mai haƙora 24, sannan mai haƙora 8 na furosesa da ke saman bod ta hagu, wanda aka fi mantawa. An rubuta masa CPU, kada ka musanya shi da na kati mai rubutun PCIe. Duba 'yan siraran wayoyin makunnin gaba ko suna kan haƙoran da littafin bod ya nuna. In fankoki na juyawa amma babu hoto, ka tabbata wayar sikirin a jikin katin hoto take ba a jikin bod ba, ka zare RAM ka sake dannawa har maƙallan su rufe, a rami na biyu da na huɗu daga furosesa. In AM5 ce, tashin farko yana iya ɗaukar minti biyu ko uku sikirin na baƙi yayin da bod ke daidaita DDR5, saboda haka ka ba ta lokaci kafin ka kai hannu ga soket.